Babur na hannu don zuwa aiki: wanne za ka saya, me za ka duba kafin ka biya

Mai tambaya ma'aikaci ne a Kano. Tsakanin gidansa da wurin aiki kilomita 15 ne, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ke cinye masa albashi. Abin da ya tara bai kai kuɗin sabo ba, don haka yake son ƙaramin babur na hannu, roba-roba ko irin marar giyar nan. Yana tambayar wanne ya fi, me zai duba, kuma yaya zai kauce wa sayen wahala.

Malam, fara da lissafin aikin da za ka ɗora wa babur ɗin. Zuwa da dawowa kilomita 30 ne a rana, kwana 22 na aiki kilomita 660 a wata, kusan 8,000 a shekara, ban da cefane da zumunci. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan inji. Babur mai ƙarfin 110, wato girman inji 110cc, da ke cikin lafiya yana cin kilomita 40 zuwa 50 a lita ɗaya a cikin gari, wato lita 13 zuwa 17 za su kai ka wata. Ribar ke nan, amma ranar da ya ƙi tashi ka shiga Adaidaita, ka biya bakanike, ka kuma makara, ta tafi. Shi ya sa abin nema a babur ɗin zuwa aiki guda ne: ya tashi kullum da safe, in kuma ya lalace a samu kayansa da mai gyaransa a unguwarku kafin azahar. Kyan fenti da sheƙin roba suna can baya.

A kan wanne za ka zaɓa, ra'ayina a fili yake: roba-roba mai giya huɗu, mai ƙarfin 100 zuwa 125, irin su Haojue da Lifan da Jincheng. Injinsu kusan duk zubin tsohon injin Honda Cub ne, kowane bakaniken bakin titi ya san cikinsa, kayansa kuma birjik, sabo da na hannu, daga shagon unguwa har Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tayarsa inci 17 ce, tana haye rami da yashi. In batir ya mutu ka buga kik, in kik ya ƙi ka tura shi ya tashi. Marar giya, wanda bel ke ja, ya fi daɗi a go-silo, ba ruwanka da canjin giya, ga wurin ajiya a ƙarƙashin kujera, ga shi ba ya ɓata babbar riga. Amma tayarsa inci 10 ce ko 12, ramin da roba-roba zai wuce shi kuwa zai iya kayar da kai. Injinsa a ƙasa yake, da damina in ruwa ya shiga gidan bel sai ka ji inji na kuka babur ba ya gaba. Ba a tura shi ya tashi. Yana kuma ɗan fin mai giya shan mai. In hanyarka kwalta ce mai kyau daga ƙofar gida har ofis, kuma akwai bakaniken da ka tabbatar ya iya aikin bel, ba laifi ka saye shi, amma ya kasance 110 ko 125.

Ƙananan 'yan Beljiyam masu ƙarfin 50, irin su Honda Today da Honda Dio da Yamaha Jog, ƙira ce mai inganci, sai dai ba don wannan tafiya aka yi su ba. Da kyar suke wuce kilomita 60 a awa, a babban titi motoci za su riƙa matse ka, kuma kullum injin a ƙarshen ƙarfinsa zai yi aiki. Da yawa daga tsofaffin Dio da Jog masu ƙona baƙin mai tare da fetur ne, suna da tankin baƙin mai daban, ranar da ya ƙare ba ka sani ba injin ya buga. Wanda kuma ba shi da kafireta, mai famfon mai na lantarki, yana da sauƙin shan mai, amma ba ya jure man bumburutu mai datti, kuma masu gyaransa ƙalilan ne. Kafin ka tsayar da iri, je wurin mai sayar da kayan babur mafi kusa da gidanka ka tambaye shi fistin da ringi, takalmin birki, sarƙa da haƙoranta ko bel na irin da kake so. In ya ce sai an aiko daga wani gari, canja shawara.

Kada ka zuba duk kuɗinka a sayen. Ware kashi ɗaya cikin biyar don gyaran farko, canjin takardu, hular kwano da kwaɗo. La'adar dillali ma a yanke ta tun farko, a san wa zai biya.

Takardu kafin inji. Na sa su gaba ne domin inji mai matsala kuɗi kawai zai ci, babur ɗin sata kuwa da kai da kuɗin da babur ɗin duk za ku tafi, karɓar kayan sata laifi ne a doka ko da ka ce ba ka sani ba, sai ka sha wahalar tabbatar da hakan. Nemi rasit na asali daga shagon da aka fara sayensa, mai ɗauke da lambar inji da lambar jiki. In ya yi hannu biyu ko uku, kowane ciniki ya kasance da takardarsa, har zuwa kan wanda ke gabanka. Sai takardun lamba: lasisin babur, shaidar mallaka da inshora. In daga waje aka shigo da shi, takardar kwastam. Sa'an nan ka durƙusa da kanka, ka goge wurin da tsumma, ka karanta lambobin harafi bayan harafi. Lambar inji galibi tana gefen hagu a ƙasa, kusa da abin taka giya. Ta jiki tana wuyan babur, ko ƙarƙashin kujera, a marar giya kuma sau da yawa tana bayan wani ɗan murfin roba a gaban gwiwarka. Lambar kamfani a jere take, zurfinta ɗaya, tazararta ɗaya. In ka ga wurin an goge shi ya yi santsi fiye da kewayensa, ko wani harafi ya karkace, ko an shafa sabon fenti a daidai nan kaɗai, yi sallama ka tafi, kada ka tsaya jin bayani.

Lambar injin baburan Sin tana faɗa maka gaskiyar ƙarfinsa ko da an manna wata takarda a jiki. Wanda ya fara da 1P50FMG mai ƙarfin 100 ne, 1P52FMH ko 152FMH na 110 ne. A marasa giya, 139QMB na 50 ne, 152QMI na 125, 157QMJ na 150. Ana sayar wa mutane na 100 a kuɗin 110 saboda ba su duba nan ba.

Akwai tarkon da ba a cika faɗa ba. Babur ɗin da aka karɓa bashi daga ƙungiyar ma'aikata ko kamfani, ana biya sannu a hankali, ba mallakin mai hawansa ba ne sai ya gama biya, kuma galibi rasit ɗin asali yana hannun masu bashin. Mai cewa rasit ya ɓace, ga hotonsa a waya, wani lokacin abin da ke ƙasa ke nan. Haka babur ɗin gado da ba a raba ba. Ka san gidan mai sayarwa ko wurin aikinsa, ka ga katin shaidarsa, sunan ya dace da na takarda. Cinikin da aka ce a haɗu a bakin titi da magariba, a kawo kuɗi a hannu, ga araha mai ban mamaki, bar shi.

Yanzu inji. Ka ce za ka zo da sassafe, kuma kada a tayar da shi kafin ka iso. Da zuwanka ɗora bayan hannunka a kan inji da salansa. In da ɗumi, an riga an tayar, ka ce za ka dawo gobe. Dalili shi ne duk lalacewar da ke ɓuya, a sanyi take fitowa: wahalar tashi, hayaƙin farko, ƙarar ƙarfe kafin baƙin mai ya zagaya. Inji mai zafi yana rufa wa kansa asiri. Tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, ya zo da sifanar fulogi da sukundireba da mitar gwada batir.

Kafin a tayar, zare ma'aunin baƙin mai. Duba yawansa, sannan ka murza ɗigo tsakanin yatsu biyu. Baƙi mai ɗan kauri ba abin tsoro ba ne, juye kawai yake so. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, wani abu na cin ɗan'uwansa. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, wataƙila babur ɗin ya nutse da damina. In ya yi kauri ƙwarai yana jan zare, to an zuba man giya ko wani sinadari don a danne ƙara da hayaƙi, kuma wannan dabara ce da ta yaɗu. Sabon mai fes a tsohon babur da aka wanke injinsa tas shi ma ya sa ka ƙara buɗe ido. Leƙa ƙarƙashin inji ka duba noti na juye: in an naɗe shi da zare ko leda, ko an shafe shi da gam, haƙoran wurin sun cinye, zai riƙa ɗiga, wata rana ya zube a hanya.

A kwance fulogi. Bakinsa ruwan ƙasa a bushe, lafiya. Baƙi a bushe da gawayi, mai ya fi iska yawa, kafireta ce ko soson iska, gyara mai sauƙi. Baƙi a jiƙe da maiƙo, baƙin mai yana haurawa ɗakin wuta, ringi ko robar bawul sun tafi. Fari fat, injin yana aiki da ƙarancin mai, yana zafi fiye da kima. In sabon fulogi ka tarar, bai faɗa maka komai ba, sai ka sake kwance shi bayan gwajin hawa. Lura da yadda yake fita da shiga: in yana sakwaf-sakwaf ko ya shiga a karkace, haƙoran kan injin sun lalace. Buɗe gidan soson iska ma. Nan ne za ka san irin riƙon da aka yi wa babur. In soson ya yage, ko babu shi gaba ɗaya, ko ka ga ƙura ta wuce shi ta kwanta a bututun da ke shiga kafireta, to injin ya sha ƙurar hunturu, kuma ƙura ce ke cinye fistin da bulo fiye da tsawon tafiya.

Mayar da fulogi, makulli a kashe, ka danna kik a hankali da hannu ko da ƙafa. Ya kamata ka ji ya yi tauri a wani wuri, yana turo ka. In ya sulale har ƙasa ba turjiya, matsin injin ya ragu. Sannan a tayar. Inji mai lafiya yana tashi a kik ɗaya zuwa uku, da cok in ana sanyi, ya zauna a silo ba tare da an riƙe masa totur ba. Wasu suna ɗaga silo sama don kada ya mutu a gabanka, ka sa bakanike ya sauke shi daidai ka ga ko zai tsaya. Koma baya ka kalli salansa a sa totur a saki sau uku. Babur mai sanyaya da iska ba shi da ruwa a inji, saboda haka duk hayaƙi fari ko shuɗi-shuɗi da ya ci gaba da fita baƙin mai ne ke ƙonewa. In na 'yan daƙiƙu ne a tashin farko ya ɗauke, robar bawul ce. In yana ƙaruwa da totur, ringi ne, watakila har da bulo. Tara tafin hannu nesa kaɗan da bakin salansa, in ya yi maiƙo ka samu amsa. Baƙin hayaƙi matsalar kafireta ce.

Ƙara kuwa iri uku ce, kuma bambanta su shi ne rabin cinikin. Ƙas-ƙas siriri daga saman inji, bawul ne ke son saiti, aikin minti ashirin, a irin wannan inji tazarar tana wajen 0.05 na milimita a sanyi. Kwaram-kwaram daga gefen hagu mai raguwa in an ƙara totur, sarƙar taimin ce ta saki ko abin da ke ɗaure ta ya gaji, gyara ne matsakaici, a rage maka kuɗi. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, mai ƙaruwa in an murɗa totur ko an ɗora nauyi, kwanrod ne ko boris ɗin ƙasa. Wannan sai an sauke inji an raba shi biyu, kuma injin da aka raba a bakin titi, cikin ƙura, da kayan da ba na asali ba, ba kasafai yake komawa yadda yake ba. Kada ka saye shi ko an karya maka kuɗi. Bakanike yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji ya kanga kunnensa a mariƙin, yana gane daga ina ƙarar take.

Duba notukan jikin inji. In kawunansu sun cinye, ga jan gam ko baƙi ya tsattsafo a mahaɗa, an taɓa buɗe shi. Buɗe saman inji a canja ringi a babur mai shekaru ba aibi ba ne, in mai shi ya faɗa da bakinsa. Wanda ya rantse ba a taɓa taɓa injin ba alhali ga alama, sauran maganarsa ma ka ajiye ta gefe. Mitar kilomita kada ka dogara da ita, waya ɗaya ake cirewa ta tsaya. Robar taka ƙafa, mariƙin totur da abin taka birki su suka fi faɗin gaskiya.

Batir, a gwada da mita: a kashe ya nuna wajen volt 12.4 zuwa 12.7, in an tayar aka ɗaga totur ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai hau ba, ba ya caji, kwayil ne ko abin daidaita wuta, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. In ya wuce 15, zai riƙa ƙona ƙwai yana dafa batir. Gwada sitata, fitila babba da ƙarama, sigina, wutar birki da ham. Ɗaga kujera ko cire robar gaba ka kalli wayoyi. In duk an yayyanke an ɗaure da leda, da damina za ka sha wuya, kuma yankakkiyar waya a bayan makulli tana iya nufin an taɓa tayar da shi ba da makullinsa ba.

Jiki shi ne inda sabuwar roba ke yaudara. Roba-roba ƙarfensa a ɓoye yake, da kuɗi kaɗan ake sa masa sabbin robobi ya fito kamar daga kwali. Sa a cire robar gaba ka ga wuyan da bututun da ya gangaro ƙasa. Walda da ba ta kamfani ba, lanƙwasa, fentin da ya tsage a wuri ɗaya, duk alamar karo ne, kuma ƙarfen da aka miƙe da wuta ya rasa ƙarfinsa. Kafe shi a babban jak, wani ya danna baya tayar gaba ta tashi, ka juya kan hagu da dama a hankali: ya tafi sumul, kada ya maƙale a tsakiya. Kama ƙafafun gaba ka ja gaba da baya, in akwai ƙwas-ƙwas boris ɗin wuya ne. Shafa bututun shokoba, in da mai ko tsatsa mai rami, robarsa ta fashe. Juya kowace taya ka kafa ido a gefen rim, in yana rawa ya lanƙwashe. Girgiza tayar baya gefe da gefe, motsi yana nufin boris ko bushin. Ka koma baya taku biyar ka tsuguna ka hango tayoyin biyu, su kasance a layi ɗaya.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wadda ta haura shekara biyar ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kamawa. Tayoyi biyu da tib kuɗi ne na gaske, sa su a lissafin ragi. Leƙa cikin tanki da tocilan waya, tsatsa a ciki ita ce kafiretar da za ta riƙa toshewa kowane mako.

A mai giya, buɗe murfin sarƙa. Ja sarƙar baya daga kan haƙoran tayar baya, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama. Haƙoran da suka yi tsini ko suka kwanta gefe guda su ma haka. Ana canja sarƙa da haƙoran gaba da na baya tare, in aka sa sabuwa a kan tsoffi wata biyu ba za ta yi ba. Sakinta daidai shi ne santimita 2 zuwa 3. A marar giya, kada ka biya ba a buɗe gidan bel ba, notuka ne kamar takwas zuwa goma. Bel kada ya tsattsage ko gefensa ya yi gashi. Cikin gidan a bushe ya kamata ya kasance, maiƙo na nufin roba ta fashe, kuma mai zai kashe sabon bel ma. Rololin ciki in sun yi gefe, babur zai riƙa jan ƙafa yana ƙara. Kamfanoni kan ce a canja bel a wajen kilomita 20,000 zuwa 24,000, amma a zafinmu da ƙura, da bel ɗin da ba na asali ba, bai kai nan. Tunda ba ka san shekarun wanda ke ciki ba, ka ɗauka canji ne, domin in ya tsinke a hanya sai turawa.

Hawan gwaji kada ya gaza minti 15 zuwa 20, zagayen layi ɗaya ba ya nuna komai. Bar bakanikenka ko katin shaidarka a wurin mai shi ka fita titi. Shiga kowace giya, ta shiga da taku ɗaya, kada ta fice da kanta in ka murɗa totur, giya ta biyu ce ta fi yin haka. A giya ta huɗu, kana tafiya a hankali, buɗe totur gaba ɗaya: in kukan inji ya tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci na sulɓi. Hau gada irin ta Ƙofar Nassarawa ka ji ƙarfinsa a hawa. A marar giya, lura da tashi daga tsaye, in yana karkarwa kafin ya ɗauka, kulocin baya ya yi santsi ko datti. A miƙaƙƙiyar hanya marar mutane sassauta riƙon hannu kaɗan, in yana janka gefe guda jikin ya karkace. Taka birkin baya shi kaɗai, kama na gaba shi kaɗai. Duba notin saitin birki, in an ɗaure shi har ƙarshe takalmin ya cinye. Da ka dawo kashe shi, jira minti biyu, sake tayarwa. Injin da ke tashi a sanyi ya ƙi tashi da zafi, bawul ya matse ko kwayil ya gaji, kuma irinsa ne ke mutuwa a danja ya bar ka kana buga kik ana maka ham. Kafe shi a busasshen wuri minti biyar ka duba ƙasa ko ya ɗiga.

Ciniki a kan abin da aka gani ake yinsa. Bakanike ya lissafa kuɗin kowane gyara, ka tambayi kuɗin sabon irinsa a ranar, domin farashi yana bin canjin dala. In kuɗin saye da na gyara suka haura kashi 70 cikin ɗari na sabo, gara ka ƙara haƙuri ka cika ka sayi sabon, ko ka nemi wani. Wanda ya fi dacewa shi ne na mutum ɗaya, mai shekara biyu zuwa huɗu, na ma'aikaci ko dattijon da ke zuwa kasuwa da masallaci. Na ɗan saƙo da ke yini a titi, ko wanda samari suka yi wasa da shi aka fasa salansa aka cire madubi, ka bar musu. In kun daidaita, a rubuta yarjejeniya da suna da adireshin kowa, irin babur, launi, lambar inji, lambar jiki, lambar rajista, kuɗi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai takardun, ba na dillali ba. Karɓi makullai duka. Cikin makon ka je ofishin lasisi a mayar da mallaka sunanka, ka yi inshora, kai ma ka nemi lasisin tuƙi rukunin A, wanda shi ne na babur. Da waɗannan ba ka da fargabar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa. Ka tuna kuma tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano, wasu jihohin ma suna da dokar goyo da ta lokacin hawa, tambayi yadda ake ciki a inda kake kafin ka fara ɗaukar abokin aiki.

Daga wurin ciniki wuce gareji kai tsaye, ko mai shi ya ce jiya ya yi sabis. A juye baƙin mai, injin 110 yana ɗaukar kusan lita 0.8, kada a zuba galan ɗin lita ɗaya duka, yawan mai yana fasa roba yana jawo hayaƙi. Mai giya kulocinsa a cikin mai yake, yana son man babur mai alamar JASO MA, yawanci 20W-50, man mota yana sa shi sulɓi. Saye shi a rufe, a buɗe a gabanka, kada ka yarda da na awo. Marar giya yana da man giyar baya daban, ɗan kaɗan ne, wajen mililita 100 zuwa 120, kuma shi aka fi mantawa har haƙora su cinye. A wanke ragar tace mai, a sa sabon fulogi da soson iska, a wanke kafireta da tanki, a saita bawul, a canja wayar totur da ta birki in sun fara tsinkewa. Irin wannan injin ba shi da matatar mai ta kirki, don haka juye duk kilomita 1,000 zuwa 1,500, a tafiyarka kusan duk sati shida zuwa goma ke nan. Soson iska duk mako biyu da hunturu. Iskar taya duk mako, a ma'aunin PSI gaba wajen 25 zuwa 29, baya 29 zuwa 33, adadin kamfani yana manne a jikin babur ko murfin sarƙa.

Canja makullin gaba ɗaya, don ba ka san kwafi nawa ke yawo ba. Ƙara kwaɗo mai kauri a taya, bakanike ya sa maka ɓoyayyen makunni da ke yanke wuta, a wurin aiki kuma ka kafe shi inda mai gadi ke gani ko wurin ajiya mai ba da kati. Ɗauki hoton lambar inji da lambar jiki da takardun ka ajiye a waya, na asali su zauna a gida, kwafi a ƙarƙashin kujera. Hular kwano ka saye ta sabuwa, mai igiyar haɓa da gilashi, ta hannu ba ka san faɗuwar da ta sha ba, kuma wadda ta taɓa bugun ƙasa soson cikinta ya riga ya mutu. Makon farko riƙa fita minti 20 kafin lokacinka, da kuɗin Adaidaita a aljihu da lambar bakanike a waya, kana duba ma'aunin baƙin mai kowace safiya. In a kilomita 500 na farko man bai ragu ba, injin lafiyayye ne. In ya ragu sosai ba tare da ɗiga ba, ƙona shi yake yi, a canja ringi da robar bawul tun bai ci bulo ba.